Sha bakwai babu ko ɗaya: akwai amfanin fita zaɓen ciyaman a Jos?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Admin a yi mini uzuri, maganar siyasa na kawo, amma ba tallan kowa zan yi ba. Wani lissafi ne ya tsaya mini a rai. A zaɓen gwamna na watan Maris 2023, wanda INEC ta gudanar, Caleb Mutfwang na PDP ya samu ƙuri'a 525,299, Nentawe Yilwatda na APC ya samu 481,370. Tazarar ko dubu hamsin ba ta kai ba. Ke nan jihar Filato a rabe take kusan gida biyu. To ku dubi zaɓen ƙananan hukumomi. A Oktoban 2021, zamanin gwamna Simon Lalong na APC, APC ce ta kwashe kujerun ciyaman 17 kaf. A Oktoban 2024, PDP ce ta kwashe 17 kaf. Mutanen su ne dai, unguwannin su ne, katin zaɓen ma shi ne. Ta yaya jihar da ta rabu haka a hannun INEC za ta koma baki ɗaya duk lokacin da hukumar zaɓen jiha ta riƙe akwati, kuma kullum bakin ya dace da jam'iyyar da ke gidan gwamnati? Matasan layinmu a Unguwar Rogo suna tambayata amfanin tsayawa a layi, ni kuma ba na so in ba su amsar da ni kaina ban yarda da ita ba.

Ɗan Rikkos: Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, gaya musu gaskiya kawai: babu amfani. Gwamna ne ke naɗa shugaban hukumar da kwamishinoninta, shi ke sakar mata kuɗin aiki. Mai kulob ne ya ɗauko alƙalin wasa daga gidansa, shi zai biya shi bayan an tashi, sannan a ce mu sayi tikiti mu shiga kallo. Ni zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna ina fita. Na ciyaman kuwa na daina, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Barista: Ɗan Rikkos bai faɗi ƙarya ba a kan naɗin. Sashe na 197 na tsarin mulkin 1999 ne ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓenta, gwamna ya naɗa, majalisar jiha ta tabbatar. Aikin hukumar guda ɗaya ne, zaɓen ciyamomi da kansiloli. Ko rajistar masu zaɓe ba tata ba ce, ta INEC take karɓa. Amma akwai abin da ya kamata a ƙara a lissafin Baban Sadiq don a yi adalci. A 2021 PDP ba ta kan takardar ƙuri'a ma. PLASIEC, wato hukumar zaɓen jihar Filato, ta cire ta bisa hujjar cewa ba ta bi umarnin kotu na sake zaɓen shugabanninta na jiha ba. Saboda haka 17 ɗin 2021 ba a rumfar zaɓe aka fara samar da ita ba, tun kafin ranar an riga an fitar da babbar abokiyar hamayya daga fili.

Baban Sadiq: Na gode Barista. Wannan ai ƙara nauyin maganar ya yi. Mutum ya fita da kati, ya tarar wanda yake so ba ya cikin takarda.

Mai Yadi Terminus: To ku yi wa 2024 adalci mana. An bar jam'iyyu sun shiga, APC tana kan takarda, an yi kamfe, ba a hana kowa yawo ba. Kuma ku daina raina hankalin talaka. Mutum ya san ciyaman da ba ya ɗasawa da gwamna ba zai samu ko kwalbati ya kawo unguwa ba, shi ya sa a zaɓen ƙaramar hukuma mutane da yawa ke bin inda gwamnati take. Ba kowane 17 ba ne maguɗi.

Abban Walid: Mai Yadi, ka ji tsoron Allah. A zaɓen gwamna na 2023 wa ya ci Jos ta Arewa? APC. Wase fa? Kanam fa? APC. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni duk waɗannan mutane suka juya a lokaci guda, babu ko ƙaramar hukuma ɗaya da ta tsaya a inda take?

Mai Yadi Terminus: Kai ina bakinka yake a 2021 da aka hana mu shiga? Lokacin ai murna kuka yi, har da zagayen gari a mashin.

Admin: Don Allah Mai Yadi da Abban Walid, a sassauta. An yarda a kawo hujja, ba a yarda da gori ba. Duk wanda ya ambaci addinin wani ko ƙabilarsa da baƙar magana zan cire shi ba tare da gargaɗi ba. Mun san garin da muke ciki.

Malama Hadiza: Ni musayar da ta gudana tsakanin su biyun nan ita ce ta fi ba ni tsoro. Kowannensu ya san an yi ba daidai ba, amma sai a shekarar da aka yi wa nasa. In dai haka za mu ci gaba, duk gwamnan da ya zo yana da rabin gari da zai tafa masa idan ya kwashe 17. Ina koyarwa a firamare, kuma firamare da ƙaramin asibiti da kwasar shara da kasuwannin unguwa duk suna da alaƙa da ƙaramar hukuma. Kujerar da ta fi kusa da rayuwarmu ita ce muka fi sakin jiki a ƙwace mana.

Baba na Dilimi: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ga ana maganar 2021 da 2024 kamar nan abin ya fara, shi ya sa na ce bari in sa baki.

A 1991 gwamnatin Babangida ta raba Jos, aka samu Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. Aka yi zaɓe, Sama'ila Mohammed ya zama ciyaman. Tun daga ranar kujerar nan ta zama abin da kowane ɓangare ke kallo a matsayin shaidar wa ke da gari. A watan Afrilun 1994 soja suka naɗa Aminu Mato kantoma, aka yi rikici a kan naɗin. Ku lura, wannan ba zaɓe ba ne, naɗi ne, kuma shi ma bai hana fitina ba.

Sai Nuwamban 2008, zamanin Jonah Jang. Ranar Alhamis 27 ga wata aka yi zaɓe, kuma wallahi da rana lafiya aka yi shi. Mutane suka fito, suka jefa ƙuri'a, suka koma gida. Da dare ne abin ya lalace, wajen tattara sakamako a yankin Gada Biyu. Mutane na jira a waje, ba su san me ake yi a ciki ba, jita-jita ta riga sanarwa fita. Kafin a idar da sallar asuba gari ya kama. Kwana biyu ana abu ɗaya. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce sama da mutum 700 ne suka mutu. Kowane ɓangare yana da nasa labarin wanda ya fara, kuma ba wannan na zo tayarwa ba. Na binne mutane, maƙwabtana Kirista ma sun binne nasu.

Abin da ya biyo baya shi nake so matasa su sani. A 2014 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, aka tsallake Jos ta Arewa da Wase, aka ce tsaro. A 2018 aka sake yi, aka tsallake Jos ta Arewa da Jos ta Kudu da Barikin Ladi da Riyom, aka ce tsaro. Daga 2008 sai 2021 kafin mutumin Jos ta Arewa ya sake ganin akwatin zaɓen ciyaman. Shekara 13. Yaron da aka haifa a shekarar rikicin ya shiga sakandare bai taɓa ganin ubansa ya zaɓi kansila ba. Amma a cikin shekarun nan an yi zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna a 2011 da 2015 da 2019, a rumfunan nan namu dai. Tsaron bai hana waɗancan ba.

Shi ya sa idan na ji yaro ya ce ya daina fita, raina ke ɓaci. Ɗan Rikkos, ɗana, ba faɗa nake maka ba. Abin da aka hana mu shekara 13 ne kake cewa a bar musu kyauta.

Ɗan Rikkos: Allah ya ƙara girma Baba, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na ji maganarku kuma ta shige ni. Amma Baba, fitar tamu ita ce suke ɗauka a hoto su nuna wa duniya cewa an yi zaɓe. Layin da muka yi shi ke wanke sakamakon da aka rubuta a wani ɗaki. In babu kowa a rumfa, aƙalla kowa ya ga abin da ake ciki.

Tsohon Ejan: Ɗan'uwa, a nan ne ban yarda da kai ba, kuma daga aikin da na yi nake magana. Na tsaya wa jam'iyya a rumfa, na kuma bi akwati zuwa mazaɓa. Rumfar da babu kowa ita ce aljannar mai maguɗi. Takardun ƙuri'a ana kawo su ne daidai da yawan masu rajista. In mutum ɗari suka fito cikin ɗari bakwai, saura ɗari shida suna nan fal ba a taɓa ba, kuma babu idon da zai ga inda suka shiga. Hoto kuwa ba ya yi musu wuya, rumfa ɗaya mai cika ta ishe su.

Bari in faɗi yadda abin ke tafiya, don mutane suna zaton maguɗi shi ne a zo da sara-suka a sace akwati. Wannan tsohon yayi ne, kuma shi ya fi sauƙin kamawa. Wanda ya fi yawa shiru ake yin sa. Na farko, a jinkirta kayan aiki a unguwar da aka san ba za a ci ba, har rana ta take, tsofaffi da mata masu goyo su gaji su tafi. Na biyu, a kawo akwati da ƙuri'u amma babu takardar rubuta sakamako. Za ku jefa, a ƙirga a gabanku, ku yi ta murna, amma babu inda aka rubuta aka sa hannu, sai a ce a can mazaɓa za a cike. Na taɓa tsayawa a wata rumfa da aka yi mana haka. Muka ce ba za a fara ba sai an nuna mana takardar, dattawan layin suka goya mana baya, aka yi ta waya, can sai ga ta ta fito. Da ma tana nan. Na uku shi ne wurin tattarawa: a canza wuri ba sanarwa, ko a hana ejan shiga, ko baturen zaɓe ya ɓace da takardu sai dai a ji sanarwa a rediyo.

Na huɗu kuma namu ne. Jam'iyya ta ajiye yaro a rumfa tun safe ba ruwa ba abinci, kuɗin da aka ware masa wani babba ya danne. La'asar na yi wani ya zo ya sa masa abu a aljihu ya ce je ka ci abinci. Yana dawowa an gama.

Maman Iman: Tsohon Ejan ka taɓo inda ke mini ciwo. Ku maza kuna ta lissafin sashe kaza da shekara kaza, amma ku je kowace rumfa a Gangare ko Ali Kazaure ku ga su wa ke cika layi. Mu ne. Kuma mu ake bi gida-gida da daddare da taliya da sabulu da atamfa. Ba na zagin matar da ta karɓa, don na san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Abin da ke damuna shi ne yadda aka sa mata suka yarda cewa wannan taliyar ita ce rabonsu na wa'adin gaba ɗaya, babu wani abu kuma da za su nema. In ka ce mata asibitin unguwa babu magani, sai ta ce to ai kowa ya hau haka ne, gara ta karɓi nata tun yanzu. Kuma ga tsoro. Duk uwar da ta ga 2008, in aka ce gobe zaɓen ciyaman, abin da take fara yi shi ne ta tara yaranta a gida ta kulle ƙofa.

Maƙwabcinku na Kabong: Gaisuwa gare ku duka, musamman Baba na Dilimi. Ni Kirista ne, a Jos aka haife ni, kuma na daɗe a zauren nan ina karatu ban cika magana ba. Ina so ku san cewa abin da Maman Iman ta faɗa, haka yake a wajenmu. Uwata ma kulle ƙofa take yi. Kuma kada ku ɗauka idan jam'iyyar da unguwarmu ta fi so ta ci, mu muka zaɓa. Sau da yawa sunan kansila daga sama yake saukowa. A kira taron masu ruwa da tsaki a wani otal, a fito a ce an yi maslaha, wanda mutane ke so a ce ya janye a ba shi haƙuri. A garin da kowa ya san jam'iyyar gwamnati ce za ta ci, zaɓen gaskiya shi ne na fid da gwani, kuma shi ne wanda talaka ba ya ciki sam. Sai a zo ranar zaɓe a ce mana ku fito kada waɗancan su karɓe gari. Na tabbata ku ma haka ake gaya muku game da mu. Da wannan tsoron ake sa mu dangwala wa mutumin da ko gaisuwa ba ya yi mana.

Baba na Dilimi: Ɗana na Kabong, Allah ya yi maka albarka. Haka ake gaya mana, kalma da kalma.

Abban Walid: Wannan gaskiya ne, kuma a jam'iyyarmu ma ana ɗauki-ɗora. Ba zan musa ba.

Na Gwagwalada: Ni ɗan Bauchi Road ne amma aiki ya kawo ni Abuja. Ga abin da zan ƙara. Babban birnin tarayya ba shi da gwamna, ba shi da hukumar zaɓen jiha, saboda haka INEC ce ke yin zaɓen ƙananan hukumominsa shida. A watan Fabrairun 2022 aka yi, lokacin APC na mulkin ƙasa. PDP ta ci AMAC, wato ƙaramar hukumar cikin birnin Abuja, da Bwari da Kuje, APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji. Uku da uku. AMAC kuwa ita ce inda fadar shugaban ƙasa take. Ba na cewa zaɓen ya fita tsaf, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ba da wahala a wurare da dama, kuma mutane ba su fito sosai ba, musamman a cikin gari. Amma ɗan takara ya kwana bai san ko zai ci ba. Wannan rashin sanin shi ne babu a jihohi. Ni a ganina a soke hukumomin jihohi a miƙa wa INEC, magana ta ƙare.

Injiniya: Magana ba ta ƙare ba, Na Gwagwalada. INEC ɗin da ta yi alkawarin ɗora sakamakon kowace rumfa a shafinta na intanet, IReV, a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, sannan na shugaban ƙasar ya ƙi hawa a ranar, aka ce tangarɗar na'ura ce? Shugabanta ma ai shugaban ƙasa ke naɗa shi. In ka ɗauke daga hannun gwamna ka kai Abuja, ka canza mai riƙe da igiyar ne kawai. Ranar da jam'iyya ɗaya ta mamaye tarayya, sai ta haɗa da kansilan unguwarku.

Kuma hukumar jiha tana iya yin abin kirki in an bar ta. Kaduna ta kawo na'urar jefa ƙuri'a a 2018, ta sake amfani da ita a 2021, kuma 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. A 2021 har rumfar da El-Rufa'i ya jefa ƙuri'a PDP ce ta ci, aka kuma sanar.

Na Gwagwalada: To bayan ya sauka fa? A 2024 APC ta kwashe 23 ɗin Kaduna duka. Kano kuma NNPP ta kwashe 44 a 2024, kamar yadda APC ta kwashe 44 a zamanin Ganduje. Gyaran da ya dogara da halin mutum ɗaya yana tafiya ne ranar da mutumin ya tafi. INEC da duk laifinta, a hannunta ne jam'iyya mai mulki ta faɗi a 2015, a hannunta Peter Obi ya ci Filato da Abuja da Legas a 2023. Nuna mini hukumar jiha ɗaya da ke da irin wannan tarihi.

Injiniya: Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. Amma ina nan a kan cewa hanyar naɗin ce cutar, a sama da ƙasa.

Barista: Ku biyun kuna maimaita muhawarar da aka yi tun 2008. Bayan marigayi 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Kwamitin ya ba da shawarar a shigar da hukumomin jihohi cikin tsarin INEC, a cire zaɓo shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai ta hanyar sa majalisar alƙalai ta ƙasa ta tantance, a kuma kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu laifin zaɓe. Wato ya amsa wa Na Gwagwalada, ya amsa wa Injiniya. Ba a aiwatar da waɗannan ba. Dalili kuwa a fili yake: soke hukumar jiha sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, majalisun nan kuwa kowa ya san wa suke saurare.

Sannan ku haɗa da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. Hukunci ne mai kyau, duk da aiwatar da shi na jan ƙafa. Amma ku duba abin da ya haifar: jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya, kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ta share. In kuɗi zai tafi wurin ciyaman kai tsaye, to zaɓen wanda zai zama ciyaman ya ƙara tsada a wurin gwamna. A nan Filato kun ga yadda kujerar take: Lalong ya rushe ciyamomin da ya tarar a 2015, Mutfwang ya dakatar da waɗanda ya tarar a watan Yunin 2023.

Ɗan Rikkos: To Barista, ka dawo kan maganata da kanka. Doka ba za ta gyaru ba sai gwamnoni sun yarda, su kuma ba za su yarda ba. In na ɗauki hoton sakamako ma ina zan kai? Kotun zaɓen ƙaramar hukuma ita ma a ƙarƙashin dokar jiha take. Lauya kuɗi, shaidu kuɗi, kafin a gama wa'adin ya yi nisa.

Barista: Da wuya, ban ce da sauƙi ba. Amma an taɓa yi a jihar nan. Bayan zaɓen 2018, ɗan takarar PDP a Langtang ta Arewa ya bi ta kotu ya karɓi kujerarsa, gwamnatin APC ta rantsar da shi. A zaɓen cike gurbi na ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Jos ta Arewa da Bassa a 2022, an sanar da PDP, amma Gwani Muhammad Adam Alkali na PRP ya je kotu, aka ba shi, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Alƙali ba ya aiki da "kowa ya sani an yi maguɗi". Takarda yake nema, rumfa bayan rumfa, mai sa hannun malamin zaɓe da na ejan. Wanda bai fita ba ba shi da takarda, ba shi da shaida, ba shi da ƙara.

Mai Yadi Terminus: Kotun ma ai ta yi mana illa. A ƙarshen 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta cire 'yan majalisar jiha 16 na PDP da mutane suka zaɓa, kan maganar shugabancin jam'iyya. Da shari'ar gwamna ta je Kotun Ƙoli a Janairun 2024 aka ce wannan hujjar ba ta tsaya ba, aka tabbatar wa Mutfwang kujerarsa. Amma su 'yan majalisar shari'arsu a ɗaukaka ƙara take ƙarewa, kujerun sun tafi ke nan. Mutanen da suka yi layi suka zaɓe su fa, wa ya biya su?

Malama Hadiza: Babu wanda ya biya su, Mai Yadi, kuma zaluncin da aka yi wa masu zaɓen nan daidai yake da wanda Abban Walid ke kuka da shi. Da za ku haɗa kukan ku biyu wuri ɗaya da an samu abin da za a tunkari gwamnati da shi, kowace ce.

Tsohon Ejan: Ni dai abin da ke hannunmu nake so mu riƙe. Da can muna cewa a kasa, a tsare, a raka. Yawancinmu a kasawa muke tsayawa. Tsarewa na nufin kafin a jefa ƙuri'ar farko a nuna wa kowa akwati babu komai, a nuna takardar sakamako ta asali. Bayan an rufe layi a faɗi adadin waɗanda aka tantance da ƙarfi, a soke ƙuri'un da suka rage a gaban jama'a, a ƙirga a bayyane, a rubuta da lamba da kalmomi, ejan ya karɓi kwafinsa, a manna ɗaya a bango, kowa ya ɗauka a waya. A zaɓen INEC takardar rumfa ita ce EC8A, kuma ejan na da haƙƙin kwafi. Kada ejan ya taɓa sa hannu a takardar da ba a cike ba, ko wa ya ce masa ana sauri. Rakiya kuma ba taron matasa da sanduna ba ne, wannan shi ke ba su hujjar kiran tsaro su kore kowa. Mutum uku masu hankali da kwafin sakamako a hannu sun fi ɗari masu ihu.

Maman Iman: To mu da ba 'yan jam'iyya ba fa? Ni ba na son a ce ni ejan ɗin kowa ce. Akwai yadda mace za ta tsaya ta sa ido ba tare da an ce ta wani take yi ba? Don in an samu haka, ina da matan islamiyyarmu da za su fito, kuma idan mata na wurin samari ma sun fi kama kansu.

Barista: Akwai, Hajiya. Mai zaɓe na da damar tsayawa nesa kaɗan bayan ya jefa ƙuri'a ya ga ƙirge, muddin bai tayar da hankali ba. In kuma ana son shiga har wurin tattarawa, sai an samu katin 'yan sa ido, shi kuma ƙungiya mai rajista ce ke nema daga hukumar zaɓe tun kafin lokaci, ba mutum ɗaya ba. Sai mu duba cikin ƙungiyoyin unguwa wace ce takardunta suka cika.

Maƙwabcinku na Kabong: In za a yi, a yi shi a haɗe. A sa namu a rumfunanku, a sa naku a namu, kowa ya ga ƙirgen ɗan'uwansa da idonsa. Zan yi magana da matasan cocinmu ranar Lahadi.

Ɗan Rikkos: Ni har yanzu ban gamsu cewa za a bar sakamakon gaskiya ya fita ba, kuma ba zan yi alkawarin jefa ƙuri'a ba. Ku yi, ina kallo.

Baban Sadiq: Ba laifi ɗan'uwa, ba a tilasta kowa. INEC na da mazaɓu 14 a Jos ta Arewa, na jiha sun fi haka yawa, amma mu fara da waɗanda muke da mutane a ciki. Na ga muna da Gangare da Ali Kazaure da Naraguta da Tudun Wada-Kabong. Ba mu da kowa a Jenta Adamu da Jenta Apata da Jos Jarawa da Vanderpuye. Wanda ya san mutumin kirki a can ya turo wa Admin ta gefe, kada a sa lambar kowa a zaure.

Admin: An ji. Barista, don Allah ka rubuto mana abubuwan da ake buƙata wajen neman katin sa ido, in manna su a sama. Maman Iman, ki tambayo ko makarantarku na da takardar rajista.